Kwana Arba'in a Sugisawa

A wata unguwa da ke bayan kasuwar Tawa, cikin shekarun farko na samun mulkin kai, akwai wani kafinta mai suna Alƙasum. Asalinsa mutumin Barmu ne, amma ya daɗe da dawowa birni da matarsa Safi da 'yarsu Zaliha. Gajere ne kakkaura, yana ɗan jan ƙafar hagu in yana tafiya. Duk wanda ya tsaya a bakin rumfarsa zai lura da abu guda: sauran kafintoci suna tura zarto gaba ya yanka, shi kuwa ya juya ƙarfen nasa, da jawowa yake yanka. In aka tambaye shi dalili, sai ya ajiye zarton, ya gyara zama a kan katako, ya ce, "A Sugisawa na koya." Wanda ya san shi, daga nan yake tuna an aike shi wani wuri. Wanda bai san shi ba sai ya kai la'asar a zaune.

Yadda abin ya faru kuwa, kamar yawancin samarin Adar, shi ma ya taɓa tafiya cin rani bayan girbi. Wasu suka tsaya Kano, wasu suka nufi Kumasi, shi ƙafa ta kai shi Abijan, ya samu aikin lodi a wani jirgin ruwa mai ɗaukar gumagumai. Jirgin ya yi ta tafiya a teku har ƙasar Japon. Ranar sauke kaya wani gungume ya kuɓuce daga igiya ya danne masa ƙafa. Aka ɗaure ƙafar a asibiti, jirgi kuwa ya ga ba zai jira lebura ɗaya ba, ya juya. Sai shugaban 'yan lodin tashar, wani mutum mai tausayi, ya ɗauke shi a jirgin ƙasa ya kai shi wurin tsohuwarsa, can ƙauyensu cikin duwatsu, don ya yi jinya kafin jirgin kamfanin na gaba ya iso. Sunan ƙauyen Sugisawa. Kwana arba'in ya yi a can.

In Alƙasum ya fara ba da labarin garin, har muryarsa takan sauya. Yakan ce duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina kamar tuwo a cikin akushi, kuma babu inda za ka ga dutsen kansa, duk itatuwa sun rufe. Itatuwan miƙaƙƙu ne kamar karan dawa, in ka ɗaga kai ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Rana ba ta leƙo garin sai hantsi, kafin la'asar ta ɓuya bayan dutse. Ruwa yana gudu a ƙofar kowane gida dare da rana, da kifaye masu ja da fari a ciki, kuma ba mai kama su. Ƙofofin ɗakuna da takarda aka yi su. A ƙarshen gari akwai inda ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa ba tare da an hura wuta ba, in sanyi ya tsananta har birai sukan sauko daga daji su shiga ciki su zauna, idanunsu a lumshe. Ya ce a can, in zai yi salla, yamma yake fuskanta, don wani kukun jirgi Musulmi ya nuna masa cewa Makka ta koma bayansa.

To, wannan magana a ƙasar da mata ke yin rabin yini wajen neman icen girki, igiyar guga kuma ta kai gaba talatin, ai sai dariya. Wanda ya fi kowa jin daɗin dariyar shi ne Ma'azu, dillalin albasa, ɗan kawun Alƙasum, wato taubashinsa. Kullum in kasuwa ta lafa sai ya zo rumfar ya zauna a kan akwatin ƙusa, warin albasa na biye da shi.

"Kai bawana," yakan ce, "ko sunan garin ba ka iya ƙagawa ba. Sugisawa! Awa Gobirawa, awa Adarawa. Gobe sai ka ce mana sarkinsu sunansa Ɗan Sugi."

"Hakanan sunan yake."

"To biran nan, in sunka gama wanka, wa ke miƙa musu zane?"

Sai 'yan zaman rumfa su fashe. Daga nan aka laƙaba masa Ɗan Japon, sunan ya bi shi har masallaci.

Mutum in ana yi masa dariya kullum, sai ya nemi abin da zai tsaya a kai. Haka Alƙasum ya fara ƙari. Kwana arba'in ya zama wata shida, wata shida ya zama shekara biyu. Ya ce hakimin garin da kansa ya kira shi ya gyara masa ƙofar fada. Ya ce harshensu kuwa yana jin sa kamar Hausa, har yana da gaisuwar da yake yi wa mutane da safe: ya haɗa ƙafafu, ya rusuna har rabi, ya ce, "Kusuri nonda ka?" Wai ma'anarta ina kwana. Abin mamaki, waɗannan ba wanda ya taɓa musa su. Shekara biyu a baƙon wuri ai ba abin gardama ba ne ga Ba'adare, kuma wanda ya yi shekara biyu dole ya ji harshe. Ma'azu da zai iya kama shi, lokacin tafiyar yana Kumasi, bai san lissafin ba. Safi kaɗai ta sani, don tafiyar gaba ɗaya, daga fitarsa Barmu har komowarsa, shekara ɗaya da wata huɗu ce, kuma ita ta yi zaman jiran. In ta jiyo shi daga cikin gida ya kai kan shekara biyu, sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi, shi kuma ya ɗan rage murya.

A shekara ta shida da samun mulkin kai, bayan an gama shigar da gero rumbu, wata babbar mota da ta taso daga Agadas ta lalace a bakin gari. Direbanta, wani Buzu mai suna Attaher, ya ce sai an aiko da ƙarfe daga Konni, ba ƙasa da kwana uku ba. Cikin fasinjojin akwai wani baƙo da ba a taɓa ganin irinsa a Tawa ba, siriri mai tabarau, ba Bature ba, ba Balarabe ba. Yana yawo ne yana ɗaukar hotunan rijiyoyi da ayarin raƙuma. A girgizar hanya, ɗaya daga cikin ƙafafu uku na katako da yake ɗora kamararsa a kai ta karye. Aka nemo Mushe Mumuni, malamin lakwal, wato makarantar boko, don baƙon yana jin Faransanci kaɗan-kaɗan. Mushe ya tambaye shi daga ina. Ya ce daga Japon, sunansa Hoshino, kuma ko akwai kafinta a garin?

Ma'azu yana tsaye a wurin da buhun albasa a kafaɗa. An ce bai ma sauke buhun a hankali ba, yar da shi ya yi.

Alƙasum yana gyara ƙafar wani gado da hantsi sai ga taubashinsa yana haki, fuskarsa kamar ranar salla.

"Albishirinka, bawana! Allah ya kawo maka ɗan'uwa. Mutumin Japon na tasha, shina neman kafinta. Na ce musu muna da wanda ya yi shekara biyu can, har fada ya gyara. Bayan azahar muna tahe da shi, gari duka na son jin ku kuna hira."

Alƙasum ya ce madalla. Ya bari Ma'azu ya sha kwana, sannan ya shiga gida yana jan ƙafa fiye da kullum. Ya tarar da Safi tana tankaɗe a inuwar zana.

"Ɗauko mini tagguwata da gora. Afala za ni."

"Lahiya, Baban Zaliha?"

"Ƙohwar ɗakin yayanki. Tun yaushe nike cewa in je in duba ta."

"Bara ka gyara ta. Har yau ba ta yi ko ƙara ba."

"Irin wagga ƙohwa ba a yarda da shirunta."

Safi ta ajiye rariya, ta kakkaɓe hannu. Labarin ya riga ya shigo mata ta kan danga, don maƙwabciyarta ba ta barin magana ta huce.

"Zamna," ta ce. Ya zauna a kan turmi. "In ka tahi Afala yau, birai sun zama ƙarya, ruwan zahi ya zama ƙarya, ƙahwarka ma sai su ce jaki ya halbe ka. In ka tsaya, shekara biyu kaɗai za ta hwaɗi, ita kuwa daɗai ba ta da ƙahwahu."

"Da hakimi."

"Da hakimi, Allah shi jiƙan shi."

"Da harshe, Safi. Kalma shidda na sani. In ya buɗe baki mi zan ce?"

"Ka ba shi shiddan. Wa ke da ko ɗaya a garin ga?"

Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake neman gora ba. Ya ci abinci kaɗan, ya yi azahar, ya daɗe a kan buzu fiye da yadda ya saba. Da ya fito sai ya sa tagguwarsa mai kyau, ya share rumfa, ya jera kayan aiki.

Ba a jima ba ya hango su. Ma'azu ne a gaba kamar mai jan amarya, sai baƙon da ƙafafun kamara a hammata da ɗan akwatin katako a hannu, sai Mushe Mumuni da alli a aljihun riga, sai Attaher direba wanda ba shi da abin yi sai jira. A bayansu mahauta ne, da teloli, da masu goro, har ladan ya biyo. Mata suka jeru a bayan danga. Aka yi da'ira, aka bar Alƙasum da baƙon a tsakiya.

Alƙasum ya matso gaba. Ya ce bismilla a zuci, ya haɗa ƙafafu, ya rusuna har rabi, ya ce da muryar da yake tunawa, mai ɗan ja a ƙarshe, "Kusuri nonda ka?"

Baƙon ya tsaya cik. Ya dubi Alƙasum, ya dubi jama'a, ya sake duban Alƙasum. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya sa hannu ya rufe baki, abin ya ƙi, ya ajiye akwatin a ƙasa ya yi ta dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya yi wa Mushe Mumuni magana da Faransanci, yana tsayawa yana neman kalma.

"Mi ya ce, Mushe?" in ji Ma'azu.

Mushe ya yi gyaran murya, yana ƙoƙarin tsare mutuncin aikinsa. "Ya ce Malam Alƙasum ya tambaye shi ne ko ya sha magani."

Wurin ya kaure. Mahauci ya riƙe cikinsa, ladan ya juya baya don kada a ga haƙoransa. Ma'azu ya zauna daɓas a ƙasa yana buga cinya.

"Shekara goma sha biyu! Shekara goma sha biyu shina tambayar liman ko ya sha magani! Liman na cewa lahiya lau!"

Alƙasum ya tsaya da gumi a goshi. A lokacin ne ya gane. Kowace safiya tsohuwar takan zuge ƙofar takarda da ɗan kofi a hannu ta faɗi wannan kalma, shi kuma ya maimaita mata, ita kuma ta girgiza kai ta tura masa kofin.

Amma baƙon ya ɗaga hannu, bai gama ba. Ya ƙara magana, wannan karon a hankali, dariyar ta bar fuskarsa. Mushe ya saurara, sannan ya juyo.

"Ya ce yadda Malam ya ja ƙarshen maganar, mutanen birni ba su yin haka, na bakin teku ma ba su yi. Tsohin mata na cikin duwatsu ke yi. Ya ce kakarsa ce ya ji, wadda ta rasu shina yaro. Ya ce wata takwas ke nan bai ji harshensu a bakin kowa ba, bai zaci a nan zai ji kakarsa ba. Shina tambaya, wane gari?"

"Sugisawa," in ji Alƙasum.

Baƙon ya gyaɗa kai da ƙarfi. Ya ce bai taɓa zuwa wannan ba, amma sunan ƙasarsu ne sosai, ma'anarsa rafin itacen sugi, kuma garinsu shi ma irinsa ne, a cikin kwari tsakanin duwatsu.

Ma'azu ya miƙe ya kakkaɓe riga. Bai so abin ya kuɓuce masa haka ba.

"Mushe, tambaye shi. Ƙohwar takarda?"

Baƙon ya ce e, a gidan ubansa ma haka ne.

"Kihi a ƙohwar gida, ba mai ci?"

E, na ado ne.

"Ruwan zahi babu wuta?"

E, da yawa.

"Birai?" Ma'azu ya faɗa da ƙarfi, kamar mai jefa dara ta ƙarshe.

Baƙon ya yi murmushi, ya ce shi bai gani da idonsa ba, amma mutanen wani kwari kusa da nasu sun sha faɗa, kuma bai san su da ƙarya ba. Maganar alƙibla kuwa, Mushe Mumuni ya ce wannan ba sai an tambayi baƙo ba, yana da ƙwallon duniya a aji, duk mai so ya zo gobe ya gani da yatsansa.

Alƙasum ya fara jin iska na shigarsa. Har ya ɗan ɗaga haɓa yana duban Ma'azu. Sai baƙon, cikin murna, ya juyo gare shi ya saki harshe, magana mai tsawo, da hannu da ido, ya ƙare da alamar tambaya.

"Hai," in ji Alƙasum.

Baƙon ya ƙara wata.

"Hai."

Ya ƙara ta uku, yana duban sa da mamaki.

"Hai, hai."

Mushe ya tambayi baƙon, sannan ya ce, "Malam, ya tambaye ka ko kana da mata a can, ka ce e. Ko kana da ɗiya, ka ce e. Ya ce nawa, ka ce e, e."

Daga bayan danga aka ji muryar Safi sarai. "A tambaye shi sunanta."

Aka sake kaurewa. Alƙasum ya duba ƙasa, ya duba danga, ya ga ba sauran wurin laɓewa. Ya cire hula ya share goshi ya mayar.

"Jama'a, ku saurara. Kwana arba'in na yi, ba shekara biyu ba. Ban ga hakimi ba, ban san ko suna da shi ba. Ƙohwar da na gyara ta akurkin kajin tsohuwa ce. Kalma shidda na sani, ɗaya kuwa kun ji abin da ta zama. Mata babu. Shi ke nan."

Ya jira a yi masa ihu. Sai dai dariyar da ta biyo baya ba mai ciwo ba ce. Ma'azu ya zo ya dafa kafaɗarsa yana girgiza kai.

"Kai bawana, ka cuce mu. Wadda munka yarda da ita, ita ce ƙarya. Wadda munka ƙi, ita ce gaskiya. Yanzu mutum ya san inda za shi kama ka?"

Da an tsaya nan da ya tsira da sauran mutuncinsa. Amma baƙon, da son ya kyautata masa, ya tambaya ko ruwan zafin ya taimaki ƙafar. Alƙasum ya ce ƙwarai, kullum yakan shiga. Baƙon ya ce madalla, babu abin da yake kewa kamar wannan, mazan gari duka, tsoho da yaro, a zauna cikin ruwa ɗaya ana hira, kowa ya ajiye tufafinsa a waje. Mushe Mumuni ya fassara rabin maganar kafin ya gane inda ta nufa, ya yi shiru, amma ina.

"Duka tuhwahin?" in ji Ma'azu a hankali. "Alƙasum, wanga ba ka taɓa hwaɗa mana ba."

"Da wandona nike shiga! Wallahi da wandona! Tsohin garin har dariya suke mini!"

"To ashe can ma," in ji Attaher direba.

La'asar ce ta raba taron.

Washegari da safe baƙon ya dawo shi kaɗai. Alƙasum ya zaɓo icen aduwa busasshe wanda ya ajiye don ƙotar gatari, ya gwada shi da karyayyiyar ƙafar, ya fara aiki. Da Hoshino ya ga yadda yake jawo zarto, sai ya nuna zarton, ya nuna ƙirjinsa, ya gyaɗa kai. Babu mai fassara, amma ba su rasa hira ba. Alƙasum ya ƙirga masa sauran kalmominsa a yatsu: ruwa, sanyi, ciwo, e, na gode. Hoshino ya dube su, ya fahimci irin zaman da mutum zai yi ya koyi waɗannan kaɗai. Safi ta aiko da fura da nono a ƙwarya. Ya rasa yadda ake riƙe ludayi, ya kama shi da yatsu biyu kamar alƙalami, amma ya shanye, har ya leƙa ƙwaryar.

Da rana ta take, ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaro hoto ya miƙa. Garinsu ne. Gidaje masu baƙin rufi a jere a bakin rafi, gada ƙarama, bayansu dutse ya tashi da itatuwa miƙaƙƙu har ƙarshen takarda. Ba Sugisawa ba ne, Alƙasum ya sani, amma ya daɗe yana kallo. Da zai mayar da hoton sai hannunsa ya taɓa murfin akwatin. Ya ja shi kusa, ya duba jijiyar katakon, ya kai hanci.

Ƙamshin ɗakin da ya kwanta a Sugisawa ne. Bangon, da daɓen, da ƙaramin teburin da ake ajiye masa shinkafa, duk wannan ice ne. Ya zauna da murfin a fuska kamar ya manta akwai mutum a gabansa.

"Sugi," in ji Hoshino.

Alƙasum ya nemi izini da hannu, ya ɗauki murfin ya shiga gida. Safi tana gyaran wake. Ya miƙa mata.

"Shinshina."

Ta shinshina, ta sake. "Awa turaren da ba a gama haɗawa ba. Amma da daɗi."

Ya zauna kusa da ita. Ya gaya mata abin da bai taɓa faɗa a rumfa ba, don ba irin na rumfa ba ne. Yadda tsohuwar ba ta kai kafaɗarsa ba, bayanta ya tanƙware, amma ita take tallafe shi zuwa ruwan zafi. Yadda ta ga yana rawar ɗari ta ɗauko rigar mijinta da ya rasu, mai auduga a ciki, ta farke ta ƙara mata ƙyalle don ta shige shi. Yadda ta lura ba ya taɓa wani nama, daga ranar ba ta sake kawo shi gidan ba. In yana salla takan zauna a bakin ƙofa ta hana kaji shiga. Ranar tafiya ta raka shi har gada cikin ƙanƙara, ta cusa masa dunƙulen shinkafa a aljihu, shi kuwa ƙato da shi ya yi ta kuka har tashar jirgi.

"Mi sunanta?" in ji Safi.

"Ban sani ba. Ban san yadda ake tambaya ba."

Safi ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Wagga ta hi ta hakimi." Ta ɗebi kilishin da ta ɓoye don salla ta naɗe a takarda, ta ce a ba baƙon guzuri.

A rana ta uku ƙarfe ya iso daga Konni. Ƙafar aduwa ta zauna daram, ta fi 'yan'uwanta biyu nauyi, har kamarar tana ɗan karkata gefenta, amma Hoshino ya ce haka yake so. Ya kafa ta a bakin rumfa ya ɗauki hoton Alƙasum da zarto a hannu. Ma'azu ya kutsa kai ta gefe, don ya ce ba a yin hoton bawa babu ubangijinsa. A tasha suka rusuna wa juna, wannan ya rusuna, wancan ya ƙara, har Attaher ya gaji ya danna ham. Mota ta kama hanyar kudu.

Bayan wannan Alƙasum ya rage labari. In an tambaye shi yakan faɗi abin da ya gani a taƙaice ya koma aiki, har 'yan zaman rumfa suka fara ƙorafi wai labarinsa na da ya fi daɗi.

Wajen wata biyu da tafiyar baƙon, ya ɗora sabuwar ƙofa a kan jaki ya kai wa wani mutum a Barmu ranar kasuwa. Da ya sauke kaya ya zaga wajen 'yan albasa, sai ya ga taro a gindin wata bagaruwa. Ya matsa. Ma'azu ne a kan buhu, hannu a sama.

"Ni da bakina na tambayi mutumin ƙasar! Biran nan layi suke yi, babba gaba, ƙarami baya, kowane da sabulunsa. Taubashina ya yi shekara bakwai can, shi ke raba musu soso."

"Ƙarya kake, Ma'azu!" in ji Alƙasum daga baya. "Babu sabulu. Zama kawai suke yi."

Mutane suka waiwayo. Yawancinsu daga ƙauyukan arewa suka zo, ba su san shi ba. Wani dattijo mai rawani ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ka taɓa zuwa?"

"Ni ne ma..."

"To ka bari mu ji daga wanda ɗan'uwansa ya je."

Ma'azu bai ko dube shi ba, sai gefen bakinsa da ke motsi. Alƙasum ya tsaya jim, ya ga rana da sauran tsawo, jakinsa kuma yana cin kara. Ya nemi wuri a gefen tabarma ya zauna, ya miƙe ƙafar hagu, ya sayi goro a hannun mai talla, ya ce wa na kusa da shi ya ɗan matsa, ba ya ji sosai daga nan.